Wutar Kara Da Wutar Ƙaiƙayi: Wane Yaro Ne Mai Haƙuri?

  



Kusan duk gidan da ke da yara biyu ko fiye, za ka tarar an riga an raɗa wa kowa suna na biyu. Ga wanda ake cewa zuciyarsa a kusa take, ana taɓa shi ya hau sama. Ga kuma wanda ake kira salihi, sarkin haƙuri, ko yatsa ka sa masa a baki ba zai ciza ba. Na farko shi ke shan faɗa da bulala a gida da makaranta. Na biyu kuwa shi ake buga misali da shi, a ce "ba ka ganin ɗan'uwanka?"

Ra'ayina a wannan fili shi ne, wannan awo da ake yi wa yara bai cika ba. Saurin fushi abu ne da akan haifi mutum da shi, kuma abu ne da yake bayyana a fili, shi ya sa ake saurin kama mai shi. Amma akwai cutar da ta fi shi illa, wato riƙo da gaba da mugun zato, kuma ita tana iya ɓuya shekara da shekaru a cikin yaron da kowa ke yabo. Duka biyun kuwa suna da magani, sai dai maganin wannan ba shi ne maganin wancan ba.

KOWA DA YADDA AKA GINA SHI

Mu fara da abin da babu gardama a kansa: ba a halicci mutane da zuciya iri ɗaya ba. Duk uwar da ta goya yara uku ta san haka ba sai an karanta mata littafi ba. Wani jaririn ana ajiye shi ya yi barci, wani kuwa ƙuda ya sauka masa sai ya tada gida.

Lokacin da jama'ar Abdul Ƙaisi suka zo Madina, sun yi ta gaggawar sauka daga raƙumansu don su isa wurin Manzon Allah (S.A.W). Amma shugabansu, wanda ake wa laƙabi da Ashajju, sai ya tsaya ya kintsa, ya sauya tufafi, sannan ya taho a natse. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Annabi (S.A.W) ya shaida masa yana da halaye biyu da Allah Yake so, wato haƙuri irin na mai hankali, da kuma natsuwa. A ruwayar Abu Dawuda, Ashajju ya tambaya ko shi ne ya koya wa kansa waɗannan halaye, ko kuwa a kansu aka halicce shi. Aka ba shi amsa cewa Allah ne Ya halicce shi a kansu. Kun ga ke nan, akwai rabon da mutum yake zuwa da shi tun daga cikin mahaifiyarsa.

Masana halayyar ɗan Adam na wannan zamani su ma nan suka iso. A shekarar 1956 wasu likitoci biyu, miji da mata, Alexander Thomas da Stella Chess, suka fara bibiyar jarirai sama da ɗari a birnin Niyok na Amurka, tun suna goye har suka girma. Suka tarar kamar kashi 40 cikin ɗari masu sauƙin sha'ani ne, kashi 10 masu wuyar sha'ani ne, ga yawan kuka ga saurin harzuƙa, kashi 15 kuma masu ɗari-ɗari ne, ba sa sakin jiki da baƙon abu sai a hankali. Sauran sun ɗebo nan sun ɗebo can. Amma babban abin da suka jaddada shi ne, yadda yaro zai ƙare bai rataya ga irin halittarsa kaɗai ba, ya rataya ga yadda renon da ake yi masa ya dace da halittar tasa.

Saboda haka yaron da ke da saurin fushi ba lalatacce ba ne, kuma ba shi ya zaɓar wa kansa ba. Sayyidina Abubakar da Sayyidina Umar (Allah Ya ƙara musu yarda) ba halinsu ɗaya ba. Ɗaya an san shi da taushin zuciya da saurin hawaye, ɗaya an san shi da zafi da kwarjini. Musulunci bai mai da Umar ya zama Abubakar ba, amma kowannensu ya zama abin koyi da irin halin da aka ba shi.

FUSHI DABAN, ƘIYAYYA DABAN

Hausawa suna da wuta iri biyu. Wutar kara takan tashi bal-bal, kowa ya gan ta, kafin ka ɗebo ruwa ta mutu. Wutar ƙaiƙayi kuwa ba ta da harshe, daga sama sai ka ce toka ce, alhali tana ci ta ƙarƙashi, sai wanda ya taka ne zai ba da labari. Fushi shi ne wutar kara. Ƙiyayya da riƙo su ne wutar ƙaiƙayi.

Imamu Tirmizi ya kawo wani dogon hadisi daga Abu Sa'idil Khudri (R.A), wanda wasu malaman hadisi suka yi magana a kan isnadinsa, amma malaman tarbiyya sun daɗe suna amfana da ma'anarsa. A cikinsa an kasa mutane ta fuskar fushi da ma'auni biyu: saurin hawa da saurin sauka. Mafi alheri shi ne mai jinkirin fushi mai saurin hucewa. Mafi sharri shi ne mai saurin fushi mai jinkirin hucewa. Shi kuwa mai saurin fushi mai saurin hucewa, an ce wannan ta biya waccan. To, ku duba da kyau. Mutane da yawa ma'auni ɗaya kawai suke dubawa, wato saurin hawa. Ba a cika tambayar kwana nawa abin yake yi a zuciya kafin ya fita ba.

Imam Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira (1111), ya ware babi guda a cikin Ihya'u Ulumiddin a kan fushi da ƙullaci da hassada, kuma ba banza ya jera su haka ba. Ya bayyana cewa idan mutum ya danne fushinsa don kawai ba shi da ikon ramawa a lokacin, to fushin yakan koma ciki ya daskare ya zama ƙullaci. Shi kuma ƙullaci yakan haifi hassada, da murna da masifar da ta sami wanda ake ƙi, da ƙaurace masa, da cin namansa, da tona asirinsa, da hana shi haƙƙinsa.

Ku ɗalibai ma ku buɗe Ahalarinku, shafukan farko. Cikin jerin abubuwan da aka haramta wa baligi za ku ga girman kai da jiji da kai da hassada da ƙiyayya da izgili. Shi kuwa fushi, inda aka ambace shi cewa aka yi ya kasance domin Allah, kamar yadda so da yarda za su kasance domin Allah. Wato fushi yana da wurin da ya dace da shi idan aka yi masa linzami. Amma ƙin ɗan'uwa Musulmi saboda abin duniya ba shi da wani wurin zama. Haka nan a Arba'una Hadisi, na 16 shi ne wasiyyar da aka yi ta maimaita wa wani mutum cewa ya guji fushi, na 35 kuma shi ne ya hana hassada da ƙiyayya da juya wa juna baya. Hadisi biyu ne domin cuta biyu ce.

A shekarar 1992 wasu masana biyu a Amurka, Arnold Buss da Mark Perry, suka tsara tambayoyi 29 don auna halin faɗa a jikin mutum. Da suka tantance amsoshin mutane sai abin ya rabu gida huɗu: kai hannu, kai baki, fushi, da ƙiyayya. Fushi shi ne tafasar da jiki yake yi, bugun zuciya ya ƙaru, fuska ta sauya. Ƙiyayya kuwa a tunani take zaune, mutum ya riƙa jin an cuce shi, kowa mugu ne, duk wanda ya yi masa alheri akwai abin da yake nema. Binciken da aka yi ta yi bayan haka ya nuna cewa saurin fushi ya fi tafiya da mutum mai saurin damuwa, wanda ƙaramin abu ke dagula masa lissafi. Cutar da mutane kuwa ta fi tafiya da mai taurin kai, marar tausayi, wanda bai yarda da kowa ba. Idan halayen biyu suka haɗu a jikin mutum ɗaya, to nan ne ake samun ƙiyayya mai tsanani.

ABUBUWA UKU DA KE HURA WUTAR

Na farko shi ne mugun zato. A shekarar 1980 wani masani mai suna Kenneth Dodge ya gwada yara maza 'yan firamare, wasu an san su da faɗa, wasu ba a san su da shi ba. Aka ba kowa aikin haɗa gutsattsarin hoto, sannan aka nuna masa cewa wani yaro ya rushe masa aikin. Inda ya bayyana da gangan aka yi, duk yaran sun rama. Inda ya bayyana kuskure ne, duk sun kau da kai, har da mafaɗatan. Amma inda abin ya shige duhu, ba a san ko ganganci ne ko kuskure ba, nan aka rabu. Mafaɗatan suka ɗauka da gangan ne, sauran suka ɗauka kuskure ne.

Haka abin yake a tsakar makarantarmu. Wani ya taka maka allo, ko ya zubar maka da tawada, ko ya wuce bai amsa sallamarka ba. Kafin zuciyarka ta tafasa, akwai wata 'yar magana da ka riga ka gaya wa kanka: "raina ni ya yi." Wannan 'yar maganar ita ce ashanar. Shi ya sa a Suratul Hujurati, aya ta 12, aka umarce mu da nisantar yawan zato, aka kuma sanar da mu cewa wani zaton zunubi ne.

Na biyu shi ne girman kai. Imam Gazali da ya zo lissafa abubuwan da ke tada fushi, da alfahari da jiji da kai ya fara. A shekarar 1998 wasu masana biyu, Brad Bushman da Roy Baumeister, suka sa ɗalibai rubutu, sannan aka yaba wa wasu aka kushe wa wasu, aka kuma ba su damar ramawa a kan wanda ya duba rubutun. Waɗanda suka fi tsananta ramuwa su ne masu ganin sun fi kowa, idan aka kushe su. To, iyaye sai a lura. Yaron da ake hure wa kunne kullum cewa shi ɗan gidan wane ne, ba sa'an kowa ba ne, ana tara masa makamashi ne. Ranar da malami ya gyara masa karatu a gaban aji, ko wani ɗan talaka ya kayar da shi a musabaƙa, sai ya ji kamar an yanka shi.

Na uku shi ne tuƙa da warwara, wato mutum ya kwanta yana maimaita abin da aka yi masa, yana shirya amsar da ya kamata a ce ya bayar. Duk maimaitawa ɗaya kamar sabon zagi ne. Wanda ya yi maka laifin yana can yana barcinsa, kai kana nan kana juyi.

Wannan kuwa har jiki yana taɓawa. A shekarar 1983 aka fitar da sakamakon wani bincike a Amurka a kan likitoci 255 da aka auna halayensu tun suna ɗalibai, aka sake duba su bayan shekara 25. Waɗanda suka fi ƙiyayya da rashin yarda da mutane sun fi sauran kamuwa da ciwon zuciya, kuma sun fi su mutuwa da wuri. Binciken da ya biyo baya ya nuna tazarar ba ta kai girman wadda aka gani a farko ba, amma dangantakar tana nan. Ajali na Allah ne, amma kowane abu da sababinsa.

INDA AWON YAKE KARKACEWA

Mu ɗauki misali. Yaya da ƙanwa sun saɓa a kan wanke-wanke. Ƙanwar ta ɗaga murya, ta yi kuka, ta yar da soso. Aka dake ta. Kafin la'asar ta manta, har tana kiran yayarta su tafi makaranta tare. Ita kuwa yayar ko uffan ba ta ce ba, aka sa mata albarka. Amma ta yi sati biyu ba ta yi wa ƙanwar magana, ta ɓoye mata littafi, kuma ranar da ƙanwar ta fasa kwano ita ce ta fara kai rahoto tana murmushi. Don Allah a cikin su biyun wa ya fi bukatar a zaunar da shi?

Ba ina cewa duk mai shiru mugu ne ba, Allah Ya kiyaye. Akwai masu shirun da zuciyarsu fes take, irin Ashajju, kuma su ne mafifita. Ba kuma ina wanke mai ɗaga murya ba ne, domin magana zarar bunu ce, kuma dutsen da aka jefa cikin fushi idan ya fasa ido, hucewa ba ta mayar da shi. Abin da nake cewa shi ne, shiru kaɗai ba shi ne haƙuri ba. A Suratu Ali Imrana, aya ta 134, da aka yabi masu haɗiye fushi, nan take aka biyo da masu yafe wa mutane. Haɗiyewa rabin aiki ne. Idan yafewa ba ta biyo baya ba, abin da aka haɗiye yana nan a ciki yana ruɓa.

Ku duba kuma yadda shari'a ta yi da abin. Ba a ce kada mutum ya ji zafi ba, har an ba shi kwana uku ya huce. Amma Buhari da Muslim sun ruwaito haramcin ƙaurace wa ɗan'uwa fiye da kwana uku, kuma wanda ya fara sallama shi ne mafi alheri. Mai Risala ma ya kawo wannan hukunci. Muslim kuma ya ruwaito cewa ana bijiro da ayyuka ranar Litinin da Alhamis, a gafarta wa duk wanda ba ya shirka, ban da mutum biyu da ke gaba da juna, su sai a jinkirta musu har su shirya. To, ina amfanin a ce yaro ya sauke Alƙur'ani, amma shekara guda ba ya ga maciji da ɗan ajinsu?

Abin baƙin ciki, gaba a gida ake koyonta. Yaro yana jin uwarsa tana lissafa abin da abokiyar zamanta ta yi mata shekara goma da suka wuce. Yana ganin ubansa ya sauya masallaci don kada ya haɗa sahu da ƙaninsa saboda rabon gado. Ana ce masa "kada in ƙara ganinka a ɗakin can." Yanzu kuma ga wayar hannu, an samu sabuwar hanyar habaici da toshe lambar ɗan'uwa. Saurin fushi ana iya cewa gado ne na jini, amma wannan karatu ne ake biya wa yaro safe da yamma.

MASU CEWA HALI ZANEN DUTSE

Na san wani zai ce, "Malam, ai hali zanen dutse ne, mai hali ba ya fasa halinsa." Akwai gaskiya a ciki, domin mai zafi ba zai wayi gari ya zama ruwan randa ba. Amma da hali ba ya gyaruwa sam, da wa'azi da tarbiyya da wannan makaranta tamu duk sun zama aikin banza. Wannan ita ce hujjar da Imam Gazali ya kafa, har ya ce ana horar da doki da kare da shaho su bar ɗabi'arsu ta daji, balle ɗan Adam mai hankali. Kuma ya bayyana cewa ba kashe fushi ake nema ba, a daidaita shi ake nema.

Buhari ya ruwaito cewa Uyainatu ɗan Hisnu ya shiga wurin Sayyidina Umar yana halifa, ya gaya masa magana mai zafi, wai ba ya ba su kyauta mai yawa kuma ba ya hukunci da adalci. Umar ya fusata har ya yi nufin hukunta shi. Sai Hurru ɗan Ƙaisu ya tuna masa aya ta 199 a Suratul A'arafi, wadda ta yi umarni da rangwame da kau da kai daga jahilai. Nan take Umar ya tsaya cak. Kun gani, zafin yana nan, amma akwai linzami.

Sayyidina Abubakar kuma, da ɗan'uwansa Misɗahu ya sa baki cikin ƙazafin da aka yi wa Nana A'isha (R.A), ya rantse ba zai ƙara ciyar da shi ba. Wane uba ne ba zai ji haka ba? Amma da aya ta 22 a Suratun Nur ta sauka tana kira ga yafewa, sai ya mayar masa da abin da yake ba shi. Ɗaya ya danne wutar kara, ɗaya ya hana wutar ƙaiƙayi kamawa.

Ahnafu ɗan Ƙaisu, wanda Larabawa ke buga misali da haƙurinsa, an ruwaito yana cewa shi ba da haƙuri aka haife shi ba, ɗora wa kansa yake yi, kuma wurin Ƙaisu ɗan Asimu ya koya. A zamaninmu ma, a shekarar 2006, wasu masana sun tattara bincike 92 da aka bibiyi mutane shekara da shekaru, suka ga yawancin mutane suna ƙara natsuwa da kamun kai yayin da suke girma, musamman tsakanin shekara 20 da 40. Ashe zanen ba a kan dutse yake ba.

Wani kuma zai ce, "namiji sai da zuciya, in ba haka ba a raina shi." To, ai Buhari da Muslim sun ruwaito cewa ƙarfi ba a kayar da mutane a kokawa yake ba, mai ƙarfi shi ne wanda ya mallaki kansa lokacin fushi. Wanda kowane yaro zai iya tunzura shi da kalma ɗaya, ai linzaminsa a hannun mutane yake.

Akwai kuma masu cewa a bar mutum ya zazzage abin da ke cikinsa, ya yi ihu, ya doki wani abu, sai ya huce. An gwada wannan. A shekarar 2002 Bushman ɗin nan da na ambata ya fusata ɗalibai 600 ta hanyar kushe rubutunsu. Wasu ya sa su dukan buhun dambe suna tuna wanda ya ɓata musu rai, wasu kuma ya sa su zauna shiru na minti biyu. Masu dukan buhun suka fito sun fi fushi, sun kuma fi zafin ramuwa. Zama shiru ya fi. Mu kuwa tun tuni aka koya mana: a nemi tsari daga Shaiɗan, a yi shiru, wanda ke tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kwanta.

SHAWARA GA KOWA

Kai ɗalibi mai saurin fushi, ka san kanka. Ka san alamominka: kunne ya yi zafi, numfashi ya sauya, hannu ya dunƙule. Da ka ji su, ka yi A'uziyya, ka kama bakinka, ka bar wurin, ka je ka yi alwala. Kada ka yanke hukuncin komai sai ka huce, domin ko alƙali an hana shi yin hukunci yana cikin fushi. Idan kuma ta riga ta ƙwace maka, ka je ka ba da haƙuri kafin rana ta faɗi. Kada ka fake da "ai haka nake." Kuma ka lura, yunwa da rashin barci suna ƙara kusanto da zuciya.

Ke ɗaliba mai shiru, da kai ɗalibi mai shiru, ku tambayi kanku: mutum nawa ne a ajinku ba ku yi wa magana? Akwai wanda in an dake shi kuke jin daɗi? In akwai, to ba haƙuri kuka yi ba, ajiya kuka yi. Ku koyi faɗin abin da ya ɓata muku rai cikin ladabi: "abin da ka yi mini ban ji daɗinsa ba." Ku nema wa ɗan'uwanku uzuri kafin ku yanke masa hukunci. Ku sa sunansa cikin addu'arku, domin da wuya ka daɗe kana roƙa wa mutum alheri kuma kana ƙinsa. Ku riga shi yin sallama kafin kwana uku su cika.

Ku kuma iyaye da 'yan'uwana malamai, a daina raɗa wa yara suna. Yaron da ake kira mafaɗaci kullum, wata rana zai yarda shi ɗin ne, ya daina ƙoƙari. Ranar da ya danne zuciyarsa a yaba masa, domin ya yi aikin da ya fi na wanda bai ji zafin komai ba. Shi kuma mai shiru a riƙa jansa a jiki ana tambayarsa abin da ke ransa. Idan an raba faɗa, kada a tsaya ga wa ya fara kai hannu, a bincika abin da ya faru kafin nan, a kuma duba bayan kwana uku ko sun koma magana.

Sannan kada a hori yaro ana cikin fushi. Muslim ya ruwaito cewa Abu Mas'udil Badri (R.A) yana dukan wani yaronsa da bulala, sai ya ji murya a bayansa, amma saboda fushi bai ma gane ta ba. Ashe Manzon Allah (S.A.W) ne, yana tuna masa cewa ikon da Allah Yake da shi a kansa ya fi ikon da shi yake da shi a kan yaron. Daga ranar bai ƙara ba. Anas ɗan Malik (R.A) kuwa shekara goma ya yi yana hidima a gidan Annabi (S.A.W), ko tsaki ba a taɓa yi masa ba. Wanda ya doki yaro cikin fushi don ya hana shi fushi, me ya koya masa? Mai zafi zai koyi cewa mai ƙarfi shi ke duka. Mai shiru kuma zai koyi haɗiyewa ya jira ranarsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gaskiya ne, amma tanƙwarawa aka ce, ba karyawa ba.

Allah Ya ba mu ikon mallakar zukatanmu lokacin fushi, Ya wanke mana su daga ƙullaci da hassada da mugun zato. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya saka wa iyayenmu da malamanmu da alheri, Ya ƙara ɗaukaka wannan makaranta tamu. Amin summa amin.